Gwajin Trovan a Kano: Yadda Ƙarfin Babban Kamfani Yake Aiki

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya da tsananin da ƙasar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Mutum fiye da 100,000 ne suka kamu, kusan 12,000 suka rasu, akasarinsu ƙananan yara, alhali ƙyanda da kwalara su ma suna ta ɗibar rayuka a cikin waɗannan watanni. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari suka fi sani da Asibitin Zana, ya cika ya batse har marasa lafiya suna kwance a ƙasa. Ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, tana wurin tana yi wa masu cutar allurar chloramphenicol kyauta, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a lokacin annoba saboda araharsa da sauƙin bayar da shi. A farkon watan Afrilu sai ga wata tawaga ta daban ta iso daga Amurka a jirgin da aka yi shata, ɗauke da kayan aiki da wani sabon magani mai suna Trovan. Kamfanin Pfizer ne ya turo ta. Cikin kimanin mako biyu ta yi gwajinta a kan yara 200, ta tattara bayananta ta koma gida, annobar kuwa tana nan tana ci.

Sau da yawa idan ana maganar ƙarfin manyan kamfanoni, hankali yakan tafi ga yawan kuɗinsu kawai, kamar dai kuɗin ne yake aikin da kansa. Lamarin Kano ya fi kowane lissafi nuna hanyoyin da kuɗin yake bi kafin ya zama iko. Kamfanin ne yake riƙe da takardun abin da ya faru, shi ne yake da halin jira shekara goma sha biyar ba tare da ya gaji ba, shi ne yake iya jan shari'a daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma daga ƙarshe da samfurin da aka ɗiba daga jikin yaran, wanda ke hannunsa, aka tantance wane ne ya cancanci diyya.

Abin da ya kawo kamfanin Kano

Trovan, wanda sunansa na kimiyya trovafloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da Pfizer ya ƙirƙiro, kuma a 1996 bai samu lasisin sayarwa ba tukuna. Masana kasuwar hannun jari a New York sun yi hasashen cewa zai iya kawo cinikin dala biliyan 1 a shekara, muddin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a yi amfani da shi a kan cututtuka masu yawa. Haƙƙin mallakar sabon magani yana da wa'adi, kuma wa'adin yana fara tafiya tun kafin maganin ya shiga kasuwa, saboda haka kowane watan da aka ɓata wajen gwaji kuɗi ne da ba za su dawo ba. Haka kuma kowace cutar da aka ƙara a takardar lasisi sabuwar kasuwa ce. Kamfanin yana so sanƙarau na yara ya shiga jerin, amma masu wannan cuta ba su da yawa a Amurka, tara yara 200 a can aiki ne na dogon lokaci. A Kano kuwa kullum ana kawo su, wasu a goye, wasu a kafaɗa. Wani likitan kamfanin mai suna Scott Hopkins ya ci karo da labarin annobar a intanet, kuma cikin kusan mako shida aka kammala shirin gwajin da a Amurka tsara shi kaɗai kan ɗauki wajen shekara.

Halin da Najeriya take ciki ya sauƙaƙa wannan gaggawa. Mulkin soja ne na Janar Sani Abacha, watanni biyar bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas 'yan Ogoni, ƙasar an dakatar da ita daga ƙungiyar Commonwealth, babu majalisa, jaridu suna cikin tsoro. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ba ta wuce shekara uku da kafuwa ba. A irin wannan yanayi baƙon da ya zo da magani da na'urori a tsakiyar annoba ba ya shan tambayoyi da yawa. Farfesa Idris Mohammed, wanda gwamnatin tarayya ta ɗora wa jagorancin yaƙi da annobar, ya nemi ganin takardun izini kuma ya buƙaci a dakatar da gwajin, amma aka ci gaba har tawagar ta gama abin da ya kawo ta.

An raba yaran gida biyu. Kimanin rabinsu aka ba su Trovan, da yawa daga ciki ta baki, sauran kuma aka yi musu allurar ceftriaxone, sanannen maganin sanƙarau na wani kamfani dabam, domin a auna sabon da tsohon. Yara 11 suka rasu: biyar daga masu shan Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Wasu da suka rayu sun kurmance, wasu sun makance, wasu jikinsu ya shanye, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. A cikin takardun gwajin akwai wata yarinya 'yar shekara 10 da aka rubuta da lamba 6587-0069, wadda aka ci gaba da ba ta Trovan jikinta yana ƙara tsananta, ba a sauya mata magani ba har ta cika a kwana na uku. Likitocin da suka duba bayanan daga baya sun fi tsayawa a kanta, domin ƙa'ida ce a gwajin magani cewa idan majinyaci yana ƙara shiga hatsari, a janye sabon maganin a ba shi wanda aka tabbatar da aikinsa.

Adalci ne a kawo hujjar kamfanin yadda take, domin ba hujjar banza ba ce. Pfizer ya ce kashi 94 cikin 100 na yaran da suka sha Trovan sun rayu, kuma mace-mace a cikin gwajin, wato 11 cikin 200, bai kai abin da aka gani a annobar gaba ɗaya ba, inda kusan mutum ɗaya cikin goma ya rasu. Ya ce kurumta da makanta da shanyewar jiki su ne sanannun tabon da sanƙarau yake bari, ko da wane magani aka sha. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kurman da sanƙarau ya mayar haka. A kan zargin cewa an rage yawan ceftriaxone bayan allurar farko, daga miligiram 100 zuwa 33 a kowane kilo na nauyin yaro, domin Trovan ya fito da kyau a ma'auni, kamfanin ya amsa cewa an rage ne saboda zafin allurar, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Wani bincike da aka gudanar a Jamhuriyar Nijar a 2003 ya nuna cewa allura ɗaya ta ceftriaxone tana iya warkar da sanƙarau a lokacin annoba, wanda hakan ya ƙarfafa maganar kamfanin, ko da yake a 1996 babu wanda yake da wannan sakamako a hannu.

Ni a ganina duk wannan muhawara ta alƙaluma ta kauce wa ainihin laifin. Uwar da ta ɗauko ɗanta wuyansa ya sanƙare ta zo neman magani ne. Haƙƙinta ne a gaya mata, da Hausar da take ji, cewa wannan magani gwaji ne, ba a taɓa ba yara masu sanƙarau shi ta baki ba, an ga alamun irin wannan rukunin magani yana lalata gaɓoɓin ƙananan dabbobi, tana da ikon ta ƙi, kuma a cikin asibitin nan akwai masu ba da tabbataccen magani kyauta. Iyaye da yawa sun ce ba a gaya musu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wasunsu ma sun ɗauka duk Turawan da ke wurin ƙungiya ɗaya ce. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi bayani da Hausa kuma iyaye sun yarda da baki, amma bai gabatar da takardar amincewa ko guda mai sa hannu ko dangwalen yatsa ba. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947, wadda aka rubuta bayan shari'ar likitocin Nazi, ta sanya yardar mutum a matsayin sharaɗi na farko, kuma Sanarwar Helsinki ta 1964 ta jaddada hakan. Babu kamfanin magani a duniya da bai san su ba.

Takardar da aka mayar wa kwanan wata baya

Lokacin da masu binciken FDA suka duba takardun gwajin a 1997, a cikin abin da kamfanin ya gabatar akwai wasiƙa mai ɗauke da kwanan wata 28 ga Maris 1996, wadda take cewa kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya amince da binciken. Daga baya shugaban asibitin na lokacin, Dakta Sadiq Wali, ya bayyana cewa a wannan rana asibitin ba shi da kwamitin ɗa'a ko kaɗan. Likitan Kano da aka rubuta sunansa a matsayin jagoran binciken ya amsa cewa bayan an gama gwajin ne aka rubuta wasiƙar aka mayar mata da kwanan wata baya, kuma Pfizer da kansa ya yarda cewa wasiƙar ba daidai take ba, ko da yake ya ce bai san hakan ba a lokacin. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan ɓangare ne da mu mutanen arewa ba mu cika son tsayawa a kansa ba: babu yadda baƙo zai yi gwaji a asibitin gwamnati a tsakiyar Kano ba tare da hannun likitoci da jami'an gida ba. Amma yana da kyau a lura da yadda aka raba aikin. Sunan ɗan gida ne a kan takarda, shi ne zai ɗauki kunya idan asiri ya tonu, alhali tsara binciken da riƙe sakamakonsa da cin ribarsa duk suna hannun kamfanin.

A cikin kamfanin ma an samu wanda ya yi magana. Dakta Juan Walterspiel, ƙwararre a cututtukan yara masu yaɗuwa, ya rubuta wa shugaban Pfizer na lokacin, William Steere, wasiƙa yana gargaɗi game da yadda aka gudanar da gwajin. Ba da daɗewa ba aka sallame shi daga aiki; kamfanin ya ce sallamar ba ta da alaƙa da wasiƙar, shi kuma ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu.

Shi kuwa Trovan, FDA ta ba shi lasisi a Disambar 1997 domin manya kawai, bayan kamfanin ya janye buƙatarsa ta a amince da shi wajen maganin sanƙarau na annoba. Ya yi kasuwa sosai a shekararsa ta farko. A Yunin 1999 hukumar ta taƙaita amfani da shi ƙwarai bayan rahotannin lalacewar hanta, ciki har da mutum 14 da hantarsu ta daina aiki, shida daga cikinsu suka mutu, Tarayyar Turai kuma ta dakatar da shi baki ɗaya. Ba a taɓa amincewa a ba yaran Amurka shi ba.

Shekara huɗu da rabi iyayen Kano ba su san cewa akwai wani abin tuhuma a kan abin da ya samu 'ya'yansu ba. Sun ɗauke shi ƙaddara, kuma ba su da wata takarda a hannu da za ta sa su yi tunanin wani abu dabam. Jaridar Washington Post ce ta fallasa labarin a Disambar 2000, ta hannun ɗan jarida Joe Stephens, da taimakon takardun cikin kamfanin. Gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya kammala aikinsa a 2001, ya bayyana abin da aka yi a matsayin haramtaccen gwajin maganin da ba shi da rajista, kuma cin moriyar rashin sanin jama'a ne ƙarara. Rahoton ya shiga aljihun tebur ya kwanta shekara biyar. Sai a Mayun 2006 jama'ar Najeriya suka san abin da ke cikinsa, shi ma da wani ya kwarmata shi ga jaridar nan ta Amurka.

Shari'a da mai dogon numfashi

A 2001 wasu iyalai suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ƙarar ta sha ɗage-ɗage har ta mutu ba a saurari shaida ba. A wannan shekara wasu suka kai tasu New York, inda hedikwatar kamfanin take, suna dogaro da wata tsohuwar dokar Amurka ta 1789 da ta ba baƙi damar kai ƙara a kan keta dokar ƙasa da ƙasa. Lauyoyin Pfizer suka ce ba New York ce wurin da ya dace ba, a koma Kano, kotunan Najeriya sun isa su yi adalci. Alƙali ya kori ƙarar a 2002, aka ɗaukaka, aka dawo da ita, ya sake korar ta a 2005. Sai a ranar 30 ga Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York ta yanke, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba keta dokar duniya ne da za a iya tuhumar kamfani a kansa. Pfizer ya garzaya Kotun Ƙoli, ita kuma a Yunin 2010 ta ƙi karɓar ƙarar. Shekara tara ke nan ana jayayya a kan wace kotu ce za ta saurari maganar, ba a ma taɓo abin da ya faru a Asibitin Zana ba. Ga kamfani, kuɗin lauya na shekara tara wani layi ne a kasafin kuɗi. Ga magidancin da yake ɗawainiya da ɗa kurma ko gurgu, shekara tara ita ce duk ƙuruciyar yaron, kuma wasu iyayen sun rasu kafin a kai ko'ina.

A 2007, bayan bayyanar rahoton Nasidi, gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta shigar da ƙarar neman diyya ta kimanin dala biliyan 2 tare da tuhumar aikata laifi, gwamnatin tarayya kuma ta nemi kusan dala biliyan 7 a Abuja. Abin ya yi zafi har wata kotun Kano ta ba da sammacin kama wasu jami'an kamfanin. A ƙarshen Yulin 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ga waɗanda aka yi gwajin a kansu, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Cinikin Pfizer a wannan shekara ya kai dala biliyan 50, wato kuɗin sulhun bai wuce cinikinsa na rabin yini da ɗoriya ba. Mako biyar bayan haka, a farkon Satumbar 2009, kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala biliyan 2.3 saboda tallata Bextra da wasu magunguna ba bisa ƙa'ida ba, kuma a can wani reshensa ya amsa laifi a gaban kotu. Abin da ya biya a Amurka ya ninka na Kano sau 30. Wannan tazara tana nuna ƙarfin hukumar da kamfanin yake fuskanta: gwamnatin Amurka tana iya hana shi sayar wa shirye-shiryenta na lafiya magani, abin da zai girgiza shi, Kano kuwa ba ta da sandar da za ta kai masa.

Yadda ƙarar gwamnatin tarayya ta ƙare ya fi komai duhu. An janye ta a 2009 bisa sharuɗɗan da ba a bayyana ba. A Disambar 2010 jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka a Abuja, daga cikin waɗanda WikiLeaks ya fitar, wadda aka rubuta a Afrilun 2009. A cikinta an ruwaito manajan Pfizer a Najeriya, Enrico Liggeri, yana gaya wa jami'in ofishin cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike su tono alaƙar Antoni Janar Michael Aondoakaa da cin hanci, suna miƙa wa jaridu, domin a matsa masa ya janye ƙarar. Wasiƙar ta kuma ambaci tsohon shugaban ƙasa Yakubu Gowon a matsayin mai shiga tsakani a tattaunawar sulhu da Kano. Pfizer ya musanta zargin matsa lamba da kakkausar murya. Ko da an ajiye batun wanda ya faɗi gaskiya, wasiƙar ta tabbatar da abu ɗaya, cewa kamfanin yana zama da jami'an jakadancin ƙasarsa yana ba su bayanin yadda shari'ar take tafiya, damar da babu uba ko uwa ɗaya daga cikin iyayen yaran da ya taɓa samun irinta.

Sai kuma rabon diyya. An kafa kwamitin amintattu ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abubakar Bashir Wali, aka ƙayyade cewa mafi yawan abin da iyali ɗaya zai samu shi ne dala 175,000. Mutum 547 suka fito suna cewa suna cikin gwajin da aka yi wa yara 200. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da annobar ta bar dubban nakasassu, wasu sun yi ƙarya saboda talauci, wasu kuma da gaske ba su san a wane ɗaki aka yi wa ɗansu magani ba shekara 13 da suka wuce. Mafita da aka kawo ita ce gwajin ƙwayar halitta, a ɗauki yawun mai da'awa a gwada da samfurin da aka ɗiba daga jikin yaran a 1996. Samfurin nan yana hannun Pfizer. Ƙungiyar iyayen da abin ya shafa ta ƙi yarda da farko, tana cewa ba za a ce wanda ake tuhuma shi ne mai ajiyar ma'aunin da za a auna masu ƙara da shi ba, har ta koma kotu a kan haka. An sasanta ƙarar Amurka a Fabrairun 2011, kuma a Agustan wannan shekara iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan rasuwar 'ya'yansu. Har aka rufe dukkan shari'o'in, a Kano da Abuja da New York, babu kotun da ta saurari shaidu ta yanke hukunci a kan abin da ya faru a cikin waɗancan makonni biyu.

Ƙofar da hukuncin 2009 ya buɗe ma ba ta daɗe ba. A 2013, a ƙarar da wasu 'yan Ogoni suka kai kamfanin Shell, Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita amfani da dokar 1789 a kan abin da ya faru a wata ƙasa, kuma a 2021 ta ƙara tsuke ta a ƙarar da wasu 'yan Mali suka kai Nestlé da Cargill kan bautar da yara a gonakin koko na Kwaddibuwa. A gida dai an samu gyara: Najeriya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin da ke kula da su ƙarfin doka.

Bashin da ba ya cikin takardar sulhu

A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da allurar rigakafin shan inna, bayan Dakta Datti Ahmed da Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya sun yi zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma dalilan da suka sa ya samu karɓuwa suna da yawa: yaƙin Iraƙi, rashin jituwa tsakanin arewa da gwamnatin tarayya bayan zaɓen 2003, da tambayar da talakawa suka daɗe suna yi, ta me ya sa ake bin su gida-gida da maganin shan inna kyauta alhali idan suka kai yaro asibiti da zazzaɓi sai sun sayi magani. Amma duk lokacin da aka ce wa mutane Turawa ba za su cuce su da magani ba, amsar tana nan a shirye, kuma sunan kamfani ɗaya ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kano ta yi kusan wata 11 ba a yi rigakafin ba, sai a Yulin 2004 aka ci gaba da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Yaran da shan inna ya kama a Najeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,000 a 2006, kuma ƙwayar cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har Sudan da Yemen da ita kanta Indonesiya. Masana tattalin arziki biyu, Belinda Archibong da Francis Annan, sun bi alƙaluman lafiya na Najeriya suka gano cewa bayan fallasar shekarar 2000 yi wa yara rigakafi ya ragu a gidajen Musulmi idan aka kwatanta da sauran gidaje, ba na shan inna kaɗai ba.

Ba zan ɗora wa Pfizer alhakin kowane yaron da ya gurgunce a waɗannan shekaru ba, domin waɗanda suka yaɗa ƙaryar gurɓata magani da shugabannin da suka bi su suna da nasu kason, kuma babba ne. Sai dai amanar da ke tsakanin uwa da ma'aikacin lafiya dukiya ce ta jama'a gaba ɗaya, likitoci da ungozomomi da malaman tsafta ne suka tara ta a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma kamfanin ya ci daga cikinta ya samu yara 200 cikin mako biyu. Wannan asara ba ta shiga lissafin dala miliyan 75 ba, kuma babu dokar da ta tanadi yadda za a biya ta. Sarakuna da limamai da matan da ke ɗaukar akwatin rigakafi lungu-lungu ne suka yi ta biyan bashin da guminsu, har aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a Agustan 2020.

Da kason dala miliyan 30 aka gina wata cibiyar lafiya a Kwanar Dawaki, a ƙaramar hukumar Dawakin Kudu, wadda ta daɗe ba ta aiki yadda aka tsara, sai a 2020 gwamnatin jiha ta mayar da ita wurin killace masu korona. A shekarar da ta biyo baya rigakafin korona ya iso Najeriya, ciki har da na Pfizer, kamfanin da cinikinsa ya haura dala biliyan 80 a 2021. 'Yan jaridar da suka zaga Kano a lokacin sun tarar da iyalan da suka ce ba za su karɓi allurar ba saboda abin da ya samu 'ya'yansu a 1996, da maƙwabtansu da suka ji labarin daga bakinsu. Wadda ta tsaya a ƙofar gida tana ƙoƙarin ba su amsa ma'aikaciyar lafiya ce ta ƙaramar hukuma, riƙe da akwatin ƙanƙara, wata ma ba a haife ta ba lokacin da jirgin ya sauka a Kano.